Su wa ke kwance a ƙasar Ankara, kuma wa ya zaɓa musu makwanci?

Duk wanda ya saba shiga tirotiro, motar hayar Ghana, daga Kaneshie zuwa Circle ya san katangar maƙabartar Awudome. Da mota ta zo daidai wurin za ka ga wani dattijo ya katse hira, leɓensa na motsi, yana yi wa mutanen ciki sallama. Yaron mota kuwa bai fasa miƙa hannu yana karɓar kuɗi ba. Kafin ka ankara an wuce. Na yi shekaru ina bi ta nan ban taɓa tambayar kaina su wa ke bayan katangar ba, sai da aka fara kai nawa.

Garin nan da takardu ke rubutawa Accra, mu kuma a zango muke ce masa Ankara tun kakanni, yana riƙe da gawawwakin mutanen da duniya ta san da zamansu. Akwai wanda ya karɓo wa Ghana 'yancin kai, akwai wanda ya shugabanci Majalisar Ɗinkin Duniya, akwai baƙaƙen fatar da suka tsallako teku don su mutu a Afirka. Amma in ka bi kaburburan ɗaya bayan ɗaya, za ka tarar da yawa daga cikin mafiya shahara ba a inda aka fara ajiye su suke ba, wasu kuma sai da aka sha ja-in-ja kafin a sa su a rami. Gawar babban mutum a ƙasar nan tana da masu ita da yawa. Dangi na ja, gwamnati na ja, addini ma yana da tasa maganar. Wanda ya fi ƙarfi a ranar shi ke zaɓar makwanci, in ƙarfin ya koma wani hannu kuma sai a dawo da diga da shebur.

Ɗauki Kwame Nkrumah. Sojoji da 'yan sanda sun kifar da shi ranar 24 ga Fabrairun 1966 yana kan hanyarsa ta zuwa Hanoi, bai ƙara taka ƙasar Ghana da ƙafarsa ba. Sekou Toure ya karɓe shi a Gini, ya ba shi girman abokin shugabanci. Jinya ta kai shi Bukares ta ƙasar Romaniya, can ya cika ranar 27 ga Afrilun 1972. Konakiri aka fara kai gawar, aka yi masa jana'izar ƙasa, kuma Sekou Toure bai yi saurin sakinta ba, don yana so ya san irin tarbar da za a yi mata a ƙasar da ta kori mai ita. Sai a watan Yuli gwamnatin Acheampong ta samu aka kawo ta, aka wuce da ita Nkroful, ƙauyen da aka haife shi a ƙasar Nzema, inda tsohuwar mahaifiyarsa take raye tana jira. Shekara 20 yana kwance a can. A 1992 gwamnatin Rawlings ta gina masa hubbare na marmara a tsohon filin wasan polo, daidai inda ya tsaya ya shelanta 'yancin kai a daren 6 ga Maris 1957, aka tono shi daga ƙauyensu aka dawo da shi birni. Matarsa Fathia, mutuniyar Masar, da ta rasu a Alƙahira a 2007, aka ɗauko ta aka kwantar da ita a gefensa.

In ka shiga wurin yau, bayan gyaran da aka yi aka sake buɗe shi a 2023, kada ka tsaya ga ruwan da ke tsartuwa da masu ɗaukar hoto. Zagaya baya ka ga mutum-mutuminsa na tagulla da aka fille wa kai lokacin juyin mulki, ga gangar jikin a tsaye, ga kan a ajiye a gefe. Ƙasar da aka yi wa mutumin nan haka a cikinta, ita ce bayan shekara 26 ta shimfiɗa masa marmara. Shi bai canza ba, ya riga ya tafi gidan gaskiya. Masu riƙe da mulki ne suka canza, suka ga suna da buƙatar sunansa.

Baƙinsa biyu ma sun yi irin wannan ƙaura. W.E.B. Du Bois, malamin nan na baƙaƙen fatar Amurka, ya zo a 1961 bisa gayyatar Nkrumah don aikin kundin ilimin Afirka, ya karɓi takardar zama ɗan Ghana, ya rasu ranar 27 ga Agustan 1963 yana da shekara 95, ana gobe babban gangamin baƙaƙen fata a Washintan. An binne shi a jikin tsohuwar fadar gwamnati ta Osu, a bakin teku, sannan a tsakiyar shekarun 1980 aka mayar da shi gidan da ya zauna a Cantonments, inda tokar matarsa Shirley take tare da shi. George Padmore ɗan Tirinidad, mai ba Nkrumah shawara kan al'amuran Afirka, a Landan ya mutu a 1959, aka kawo tokarsa fadar Osu, yanzu kuma tana harabar ɗakin karatun da ke ɗauke da sunansa.

Wanda ya fi tsaya mini a rai shi ne na manyan sojojin 1979. A watan Yunin shekarar aka ɗaure hafsoshi 8 a filin harbi na Teshie aka bindige su, ciki har da tsofaffin shugabannin ƙasa uku, Acheampong da Akuffo da Afrifa. Ba a ba iyalansu gawa ba. Aka kai su wajen gari, can Adoagyiri kusa da Nsawam, aka rufe ba tare da alama ba. Shekara 22 matansu da 'ya'yansu suna zaman makokin da ba shi da kabari, sai a 2001 gwamnatin Kufuor ta sa aka tono ƙasusuwan aka miƙa wa dangi, kowa ya kai nasa gida. Ko me mutum ya aikata, hana iyalinsa sanin inda yake kwance hukunci ne da ya wuce kan mai laifi ya sauka a kan marayu. Shi kuwa Rawlings, wanda a ƙarƙashin mulkinsa aka yi harbin, da ya rasu a asibitin Korle Bu ranar 12 ga Nuwamban 2020, a sabuwar maƙabartar sojoji ta Barikin Burma aka sa shi, da fareti da harbin igwa. Shi ma bai tafi salin-alin ba. Sarakunan Anlo, dangin mahaifiyarsa, sun tashi tsaye cewa ɗansu ne, su ke da ta cewa, har sai da aka ɗage ranar da aka fara sa wa.

Wannan maganar ta "ɗanmu ne" ita ce jijiyar al'amarin, kuma wanda bai zauna da ƙabilun Akan ko Ga ko Ewe ba zai yi wuya ya gane nauyinta. A al'adarsu gawa ta babban dangi ce, ba ta mata da 'ya'ya kaɗai ba, kuma kotunan ƙasar nan sun tabbatar da haka. Mutum zai yi shekara 50 a Ankara, ya gina gida, ya haifi 'ya'ya, ranar da ya faɗi sai shugaban dangi ya iso daga ƙauye ya ce a kai shi gida. Shi ya sa shugabanni da dama ba su cikin maƙabartun birnin da suka yi mulki. Busia yana Wenchi. Hilla Limann, da ya rasu a nan Ankara a 1998, can Gwollu aka mayar da shi, kusa da iyakar Burkina Faso. A Kumasi kuwa maganar ma ba ta tasowa: Asantehene, sarkin Asante, yana da makwancinsa a Breman, nan aka kai Opoku Ware na biyu a 1999, kuma babu gwamnatin da za ta ce ga inda take so.

Da John Atta Mills ya rasu yana kan mulki ranar 24 ga Yulin 2012, gwamnati ta so ta kafa sabuwar al'ada. Ta keɓe fili kusa da fadar Osu, ta sa masa suna Asomdwee, wato zaman lafiya a harshen Akan, da nufin ya zama makwancin shugabanni. Wasu daga danginsa na Ekumfi Otuam sun so a kai shi gida, gwamnati ta yi rinjaye. To amma al'adar ba ta kama ba. Tsohon mataimakin shugaban ƙasa Amissah-Arthur da ya rasu a 2018, Barikin Burma aka kai shi. Kofi Annan da ya cika a Suwizalan cikin Agustan 2018, nan aka kai shi. Rawlings ma haka. Mills na can shi kaɗai da iskar teku.

Maƙabarta irin wadda muka sani yau, mai katanga da ƙofa da ma'aikaci, ita kanta hannun hukuma ne ya kawo ta garin nan. Mutanen Ga a da cikin gida suke binne manyansu, a ƙarƙashin daɓen ɗaki, don kada tsoho ya yi nisa da zuriyarsa. Bayan Turawa sun dawo da hedikwatarsu daga Cape Coast zuwa Ankara a 1877, suka kafa doka a 1888 da ta hana binnewa a cikin gida, suka ce kowa ya fita bayan gari. Bayan garin wancan zamani shi ne tsakiyar garin yau. Maƙabartar Osu tana maƙwabtaka da filin ƙwallo da majalisar dokoki, Awudome kuma motoci sun kewaye ta ta ko'ina, an kuma daɗe ana cewa ta cika.

Yanzu bari mu ƙirga kwanaki, don a nan ne namu ya bambanta. Mills ya kwana 17 kafin a binne shi. Kofi Annan 26. Rawlings 76. Wannan ba abin mamaki ba ne a wurin maƙwabtanmu, inda talaka ma kan yi wata biyu ko uku a firjin asibiti ana jiran ɗa ya dawo daga Turai, ana fentin gida, ana buga alluna, wani har a je Teshie a sassaƙa masa akwati mai siffar kifi ko jirgi irin wanda Kane Kwei ya shahara da shi. Ba na raina musu, ta haka suke nuna ƙauna, kuma na ci shinkafar makokinsu ba sau ɗaya ba. Amma dubi Alhaji Aliu Mahama, Musulmi na farko da ya zama mataimakin shugaban ƙasa. Ya rasu ranar Juma'a 16 ga Nuwamban 2012, ranar Lahadi an gama komai, an yi masa girmamawar ƙasa a nan, an sa shi a jirgi, an rufe shi a Tamale. Gwamnati ce ta matse shirinta ya shiga cikin kwana biyu, saboda Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya ce a gaggauta da jana'iza, kuma ba mai iya ce wa al'ummar Musulmi su jira wata guda a buga katin gayyata.

Mun sake ganin haka a Agustan 2025. Jirgin soja mai saukar ungulu ya faɗi ranar 6 ga wata a yankin Adansi da mutum 8, ciki da ministan tsaro Omane Boamah da ministan muhalli Ibrahim Murtala Muhammed. Wuta ta ci gawawwakin har sai da aka aika samfuri Afirka ta Kudu don a gane wane ne wane. Da sakamako ya fito, ba a jira sauran ba. Ranar 10 ga wata aka sallaci Murtala da Alhaji Muniru Limuna a harabar gidan gwamnati, Babban Limamin ƙasa Shehu Usman Nuhu Sharubutu yana wurin da shekarunsa sama da 100, aka kai su maƙabartar sojoji. Sauran 6 sai ranar 15. Allah ya ji ƙansu. A ranar nan gwamnati ta zaɓi wuri, addini ya zaɓi lokaci, kuma na ga an yi adalci.

Kafin waɗannan, akwai namu da suka daɗe a maƙabartar soja, sai dai ba mu zuwa gare su. A Osu akwai maƙabartar Yaƙin Duniya na Biyu ta Christiansborg, mai kaburbura sama da 400. Na shiga sau ɗaya da hantsi. Ciyawa a aske kamar an bi ta da almakashi, duwatsu farare tsayinsu ɗaya, sahu-sahu kamar ana jiran liman ya tayar da kabbara. A kan na sojojinmu akwai tambarin bishiyar kwakwa na rundunar Afirka ta Yamma, da lambar mutum, da ranar da ya mutu. Sunayen ne suka tsayar da ni. Baturen da ke ɗaukar soja ba ya tambayar sunan uba, sai ya rubuta sunan yanka ya liƙa masa ƙabilarsa ko garinsu: wane Moshi, wane Frafra, wane Dagarti, wane Grunshi. Irin sunan Alhaji Grunshi ke nan, wanda tarihi ya riƙe a matsayin sojan Birtaniya na farko da ya harba bindiga a Yaƙin Duniya na Ɗaya, a ƙasar Togo cikin Agustan 1914. Rundunar nan da Hausa ake ba ta umarni. Tushenta 'yan sandan Hausa ne da sojojin Bature Glover da suka yi yaƙin Asante a 1873 zuwa 1874, waɗanda da yawansu da aka sallame su suka zauna a garin nan suka yi aure suka hayayyafa. Sunan Barikin Burma kansa daga dajin da 'ya'yansu da jikokinsu suka je suka yi yaƙi ne. Na tsaya ina karanta duwatsun ina jin abu biyu a lokaci guda, daɗin cewa wani ya rubuta, da ciwon cewa kaburburan mutanenmu da suka fi samun kulawa a duk faɗin Ankara, hukumar da ke can Ingila ce ke biyan mai share su.

Su wa ne manyan zango? Malam Idrisu Naino, wanda ya taso daga Katsina, ya samu fili a hannun mutanen Ga ya kafa zangon farko a tsakiyar gari, ya rasu a 1893. Ɗansa Malam Baƙo, da rigingimun shugabanci da cunkoso suka yi yawa, ya ja mutanensa wajen 1910 ya kafa Sabon Zango, ya rasu a 1938. Sarki Buraima, Bayaraben Ilori, attajirin goro da fawa, wanda Turawa suka amince da shi a matsayin shugaban Musulmin gari, ya rasu a 1915. Malam Amadu Futa, mai fataucin shanu, wanda ya karɓi fili a hannun gidan Odoi Kwao na Osu a farkon shekarun 1930, wurin da ya zama Nima. Alhaji Seidu Kardo, da ya jagoranci mutanen da aka tasa daga Shiashie suka kafa Madina a 1959. Waɗannan mutane sun kafa unguwannin da dubun dubatar jama'a ke kwana a cikinsu yau, kuma babu ɗayansu da baƙo zai sauka a filin jirgi a ce masa ga motar da za ta kai ka hubbarensa. Abin tunawarsu yana bakin yaran mota: Tudu, Fadama, Shukura, Nima, Madina, Malam. Kullum ana kiran sunayen da suka raɗa, ana cika mota da su.

Kuma ga inda lissafinmu ya sha bamban da na kowa. Ba'asante yana da ƙauyen da za a mayar da shi. Badagombe yana da Tamale ko Yendi. Amma wanda kakan kakansa ya biyo ayarin goro daga Kano ko Katsina ko Sakkwato ta Salaga, ko ya gangaro daga ƙasar Zabarma, ina za a mayar da shi? Ba shi da gidan da ya wuce lungun da aka yanke masa cibiya. Ranar da Malam Naino ya rasu ba wanda ya yi tunanin ɗaukar makara zuwa Katsina, a nan aka yi masa sutura, kuma daga ranar ƙasar nan ta zama tamu ta hanyar da takarda ba ta isa ta ba mu ba. Baƙo yakan yi kasuwa a gari ya tashi. Wanda ya sa ubansa a ƙasar gari ya zama ɗan gari.

An gwada mu a kan wannan. Ranar 18 ga Nuwamban 1969 gwamnatin Busia ta fitar da dokar korar baƙi, ta ba duk wanda ba shi da takardar zama mako biyu ya bar ƙasar. Zanguna suka yamutse. Mutanen da aka haifa a nan, ba su taɓa ganin Najeriya ko Nijar ba, suka karyar da gidaje da rumfuna a kan kuɗin mota. Mma, mahaifiyata, takan ba mu labarin maƙwabcinsu, wani tsoho mai sayar da kayan koli, wanda a daren da za su tashi bai tsaya ɗaurin kaya ba, ya tafi maƙabarta ya yi sallama da matarsa da 'ya'yansa biyu, ya dawo ƙafafunsa duk jar ƙasa. Har yau ba wanda ya tashi a zango da bai san tambayar nan ba, ta ranar neman katin ɗan ƙasa ko fasfo: "To, amma ainihin garinku ina ne?" Amsar gaskiya tana kwance a Awudome da Madina da Tafo ta Kumasi, hawa huɗu, hawa biyar. Sai dai shaida ce da muke bari ruwan sama yana wankewa.

Domin kabarinmu ba ya daɗewa. Yadi ne fari, da rami, da itace ko bulo a rufe, da tudun ƙasa kamar taki ɗaya. Wani a kafa ɗan allon ƙarfe a rubuta suna da fenti, damina uku ta cinye rubutun, ta biyar ta kayar da allon. Fili ya ƙare, mutuwa ba ta ƙare ba, sai a koma kan tsofaffin layuka. Matasan zango da aka kwaso daga filin ƙwallo ranar 9 ga Mayun 2001, cikin mutum sama da 120 da turmutsutsu ya kashe a wasan Hearts da Kotoko, iyayensu da yawa sun bi su, kuma masu iya nuna inda aka sa kowanne suna ta raguwa. Ahmed Hussein-Suale, ɗan jaridar da ya yi aikin tona asirin cin hanci a harkar ƙwallo, wanda 'yan bindiga a kan babur suka harbe a Madina ranar 16 ga Janairun 2019, a maƙabartar Musulmi ta Madina yake. Duniya ta san sunansa. Ina fatan nan da shekara 30 ɗan makarantar da ya zo neman kabarinsa zai samu mai nuna masa.

Na san abin da malamai za su ce, kuma suna da hujja. Hadisi ya tabbata cewa an hana shafe kabari da farar ƙasa, da yin gini a kansa, da zama a kansa. Wanda ya je Baƙi'a a Madinar Annabi ya ga yadda sahabbai ke kwance ba suna ba kwano. Ni ma ba na son ranar da masu kuɗin zango za su fara gasar tayil a maƙabarta, wanda ya mutu da sidi miliyan ya danne wanda ya mutu da bashi. Daidaiton nan na likkafani, inda Alhaji da ɗan dako ke shiga da yadi iri ɗaya, yana cikin abubuwan da nake alfahari da su a addinina. Na kuma san tsohuwar muhawarar da ke tsakanin 'yan Tijjaniyya da Ahlus Sunna kan ziyara, wadda takan taso duk shekara in jama'a sun ɗunguma zuwa Prang, inda Shehu Abdullahi Maikano yake kwance tun 2005. Ba ita na zo warwarewa ba.

Amma akwai wani hadisin da ba a cika karanta mana ba. Da Usman ɗan Maz'un ya rasu, Annabi da kansa ya naɗe hannun riga ya ɗauko dutse ya ajiye a wajen kansa, ya ce don ya gane kabarin ɗan'uwansa, ya kuma binne wanda ya rasu daga iyalinsa kusa da shi. Ashe tsakanin hubbaren marmara da mantuwa akwai dutse ɗaya. Akwai kuma littafi. Ba a sa gawa a rami a garin nan sai da takardar izini, kuma kusan kowane zango yana da masu hidimar jana'iza, masu wanka, masu ɗinkin likkafani, matasan da ke fita da asuba su yi haƙa ba ko sisi. Abin da ya rage ƙanƙane ne: a raba fili layi-layi da lamba, a ajiye babban littafi a masallaci, a rubuta wane ɗan wane, ranar kaza, layi kaza, a ɗauki hoton shafin a waya. Mu da muka riƙe salsalar ijaza daga malami zuwa malami har ƙarni nawa, muka riƙe lissafin bashin goro daga Kumasi zuwa Legas ba tare da banki ba, wannan bai fi ƙarfinmu ba. Sakaci ne kawai, kuma har da nawa a ciki.

Shekarar da Mma za ta tafi aikin Hajji ta ce tana so ta yi sallama da mahaifinta. Tsohon soja ne, ya je Burma ya dawo da tabo a kafaɗa, ya ƙare rayuwarsa yana gadin wani kanti da dare yana karantar da yara da rana. Ita ba ta taɓa ganin kabarin ba, tunda mata ba sa bin makara. Abin da yayyenta maza suka gaya mata ranar da suka dawo, suna wanke ƙafa a ƙofar gida, shi ne yana gab da wata darbejiya, ta hannun dama in ka shiga. Yayyen nan duk sun riga mu gidan gaskiya. Wannan jimla ɗaya ita ce duk abin da ya rage.

Muka je bayan la'asar. Ta tsaya daga bakin ƙofa, ni na shiga. Na tarar da wani tsoho mai haƙa yana zaune a kan bokiti yana kankare laka daga shebur da guntun fasasshen kwano.

"Baba, sannunku da aiki. Kabarin kakana nake nema, an ce kusa da darbejiya yake."

Ya ɗago ya dube ni. "Wace shekara, ɗana?"

Na faɗa masa. Ya ajiye kwanon, ya tashi da kyar, ya ja ni muka ratsa tsakanin tudun ƙasa, yana gaya mini inda zan sa ƙafa. Ya tsaya a wani wuri da babu bishiya ko ɗaya, sai wani baƙin kututture da gara ta ci rabinsa.

"Darbejiyar da kake faɗa, in ita ce, ga ta nan. Amma wurin nan ni da hannuna na sa mutum a kan mutum. Kakanka yana nan, yana da baƙi a samansa. Ka yi musu addu'a gaba ɗaya, ba wanda zai ƙi karɓa."

Na koma na gaya wa Mma yadda muka yi. Ba ta ce komai ba sai "Ta wane gefe?" Na nuna mata da hannu ta saman katanga. Ta gyara mayafi, ta juya ta fuskanci wajen, ta karanta Ƙulhuwallahu ƙafa 11 tana ƙirgawa da gaɓoɓin yatsu, ta kira sunansa da na mahaifinsa, ta ƙara da "da duk waɗanda ke tare da shi". Sannan ta kwance bakin zane ta ciro kuɗi ta ce in kai wa tsohon, in roƙe shi kada a tumɓuke kututturen.